Noman sitiroberi a ƙasar Bauchi: daga kunya zuwa kular ƙanƙara

Ranar da na yi tsinka ta farko mai ɗan yawa, a kwandon tumatir na zuba sitiroberina. Kwando biyu. Na rufe da takardar siminti, na ɗaure tamau, na kai bakin titi aka sa mini a but ɗin motar Bauchi, kusa da buhun dankalin wani. Da la'asar Hajiyar da za ta saya, mai yin kek da yogot, ta bugo waya. "Malam, sitiroberi ka aiko mini ko zoɓo? Ga jan ruwa nan yana bin gindin kwando." Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri." Me zan ƙara? Ban ga laifin direba ba. Ni ne na ɗauki abin da ya fi ƙwai rauni na yi masa ɗaurin kayan gwari.

Wanda ya iya noman tumatir da albasa, rabin aikin sitiroberi yana hannunsa. Sauran rabin shi ke kayar da mutane: wannan ɗan itace sanyi yake so yana gona, sanyi yake so bayan an tsinke shi, kuma ba ya jiran kowa. Duk matakan da zan bi da kai a nan, kan wannan suke komawa.

Fara da tambayar ko garinku zai ɗauke shi

Sitiroberi ya fi jin daɗi idan rana ba ta wuce digiri 20 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas ba, dare kuma ya yi sanyi sosai. Sanyin dare da gajartar yini su ke sa shi huda. Da zafi ya zarce digiri 30 ya zauna, fure ya ragu, 'ya'yan su fito ƙanana, su nuna da gaggawa, su yi laushi ba zaƙi.

Shi ya sa cibiyar nomansa a Najeriya take Filato, musamman ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, garin Bauchi kuwa wajen mita 600, Gombe ma ba ta kai haka ba. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan sauka da kusan digiri 6, ka ga tsakanin Jos da Bauchi akwai tazarar digiri uku zuwa huɗu. A fatar mutum wannan ba wani abu ba ne, a wajen sitiroberi kuwa shi ne bambancin kakar wata huɗu da ta wata biyu.

A jiharmu, inda na fi amincewa da shi shi ne ƙasar Toro, musamman gefen Tilden Fulani da ya jingina da Filato, sai tuddan Tafawa Balewa da Bogoro da Dass. Mutumin garin Bauchi ko na bakin madatsar Dadin Kowa zai iya samun 'ya'ya tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama, amma ya sani taga ce ƙarama: Maris na shigowa ta rufe. A irin waɗannan wurare ragar inuwa mai rage rana kaɗan tana taimakawa, amma kada a yi masa duhu, domin yana bukatar rana ta sa'a shida ko fiye kafin ya yi zaƙi.

Kafin ka kashe kuɗi, sayi ɗan ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da ya gani, ka rataye shi a inuwa cikin lambun, ka riƙa rubutawa tun daga Nuwamba har Maris. Ka haɗa da gwajin tushe 200 ko 300. Hunturu ɗaya ya ishe ka sanin gaskiyar wurinka fiye da duk abin da za ka gani a bidiyon waya, wanda galibi a Turai ko cikin rumfar leda aka ɗauke shi.

Mai saye kafin dashe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tumatir idan ya yi kwantai a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi, ka yanka ka shanya. Albasa ka zuba a rumbu ka jira tsada. Sitiroberi da aka tsinka da safe, in bai ga sanyi ba, zuwa gobe da yamma ya fara zubar da ruwa. Don haka tun damina za ka fara yawo: masu yin kek, masu yogot da askirim, manyan kantuna masu firji, otal-otal, masu sayar da 'ya'yan itace a unguwannin ma'aikata, da matan da ke kasuwanci ta WhatsApp. Tambaye su abu uku: kilo nawa suke iya ɗauka a mako, wace rana, kuma suna da firjin da ke samun wuta ko sola? Abin da suka faɗa ka raba shi biyu, wannan shi ne kasuwarka ta gaskiya, kuma shi zai gaya maka yawan tushen da za ka dasa.

Lokacin ma yana gefenmu. Tsinka tana faɗawa kan bukukuwan Disamba, Kirsimeti da sabuwar shekara. Azumi kuma, da yake yana ja da baya da kusan kwana 11 kowace shekara, yanzu cikin kakar sitiroberi yake zuwa, kuma zai ɗauki shekaru yana zagayawa cikin hunturu. Kowa ya san yadda kayan marmari ke tafiya lokacin buɗa baki.

Iri: tsiro ake saya, ba ƙwaya ba

Kada ka sayi ƙwayar sitiroberi a ƙunshin takarda ta intanet. Irin kasuwa haɗe-haɗe ne, idan ka shuka ƙwayarsa abin da zai fito ba zai yi kama da uwar ba, ga jinkiri. Ana yaɗa shi ne ta yaɗo: uwar tana miƙa wani siririn hannu a ƙasa, ɗa ya tsiro a ƙarshensa ya kafa saiwa. Wannan ɗan ake cirewa a dasa.

Ire-iren da suka yi suna a ƙasashe masu ɗumi irin su Masar da Indiya su ne waɗanda ba sa bukatar dogon sanyi: Chandler da Camarosa daga Jami'ar Kalifoniya, Sweet Charlie da Festival daga Jami'ar Fulorida. Chandler yana da daɗi da girma amma yana da ɗan laushi. Camarosa da Festival sun fi tauri, sun fi jure hanya. Sweet Charlie yana saurin nuna, zaƙinsa ya fi tsaminsa. Sai dai a zahiri, yawancin masu sayar da tsiro a nan ba za su iya gaya maka sunan abin da ke gonarsu ba, sun gada ne daga maƙwabci. Saboda haka idonka ne takardar shaida. Je ka ga gonar lokacin da take 'ya'ya, a Janairu, ka ɗanɗana, ka matsa ɗaya da yatsa ka ji taurinsa, sannan ka yi alkawarin tsiron da za ka karɓa a Satumba.

Wani dattijo da na saya a wajensa a gefen Vom ya koya mini duba tsiro. Ya tuge ɗaya ya karkaɗe ƙasar ya ce, "Ɗana, ganye yana ƙarya, saiwa ba ta yi." Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, mai gashi da yawa. Ya tsaga wuyan tsiron, wato gaɓar da ke tsakanin saiwa da ganye, da wuƙa: ciki fari tas. In ka ga ja-ja ko baƙi a ciki, ciwo ne, kuma zai bi ka har gona. Wuyan ya kai kaurin fensir ko fiye, ganye uku zuwa biyar. Mai son shigo da tsiro daga waje kuma sai da izinin hukumar NAQS mai kula da shige da ficen tsirrai da dabbobi.

Ƙasa da kunya

Nemi jigawa mai ɗan jiki, wadda ruwa ke wucewa amma tana riƙe danshi. Laka mai kwanciyar ruwa tana ruɓar da wuya. Ƙasa mai kanwa da ruwa mai zartsi kuwa ka guje su gaba ɗaya, sitiroberi na cikin amfanin gona da gishiri ya fi saurin ƙonawa, za ka ga bakin ganye ya bushe kamar an bi shi da ashana. Ma'aunin tsamin ƙasa da yake so, wato pH, daga 5.5 ne zuwa 6.5. Ana iya kai samfurin ƙasa da na ruwa sashen aikin gona na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko a nemi malamin gona na BSADP, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Bauchi, ya nuna inda za a auna. Mutanen Gombe suna da Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya a Dadin Kowa.

Ga wani abin da ke ba manoman fadama haushi idan na faɗa: kada ka dasa shi inda tumatir, tattasai, attaruhu, yalo ko dankalin Turawa suka zauna cikin shekara uku da suka wuce. Suna barin ciwon yaushi a ƙasa, wanda ke toshe jijiyar ruwan tsiro, ka ga tushe ya kwanta alhali ƙasa jiƙe take. Inda aka cire masara, dawa ko shinkafar tudu ya fi.

Ka yi kaftu mai zurfi, ka tsince jijiyar ciyawa, musamman aya-aya da kiri-kiri. Ka zuba takin gargajiya da ya ruɓe sarai, kilo 2 zuwa 3 a kowace murabba'in mita, mako biyu ko uku kafin dashe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Takin shanu kuma a tankaɗe shi a tsince gwazarma, don ita ma saiwa take ci.

Manta da kwamin albasa. Sitiroberi a kan tudu yake zama, ba a rami ba. Ɗaga kunya mai faɗin kai, tsayinta santimita 25 zuwa 30, faɗin samanta 60 zuwa 70, da hanya mai santimita 50 tsakanin kunya da kunya, inda mai tsinka zai tsuguna ba tare da ya taka komai ba. Kowace kunya layi biyu, tsakanin layi da layi santimita 30, tsakanin tushe da tushe ma 30, wato tsawon rular ɗan firamare. A saɓa su, kada su yi daidai da juna, don iska ta ratsa.

Da wannan awo, kunya mai tsawon mita 10 tana cin tushe 66. Fili mai ƙafa 50 da 100 yana ɗaukar wajen tushe 2,500, hekta kuma sama da 50,000. Tushe mai lafiya a wuri mai sanyi yakan ba da rubu'in kilo zuwa rabin kilo a kaka. Ni dai ina ba sabon shiga shawara ya yi lissafinsa da giram 200. Fuloti ɗaya ke nan kilo 500, a warwatse cikin wata uku. Idan lissafin bai fitar da kai da wannan ba, kada ka shiga da fatan zai fi.

Sai shimfiɗa. 'Ya'yan sitiroberi ba sa son taɓa ƙasa, suna ruɓewa, ga yashi da ke maƙale musu wanda ba ya wankuwa. A ƙasashen sanyi baƙar leda suke shimfiɗawa don ta ɗumama ƙasa. Mu ɗumi ne matsalarmu, don haka leda mai farin baya ko ruwan azurfa ta fi, farin yana kallon sama. Wanda ba shi da halinta ya yi amfani da bambaron shinkafa busasshe, kauri kamar yatsa uku. Yana sanyaya ƙasa ƙwarai, aibinsa ɗaya gara. Riƙa ɗaga shi kana leƙawa.

Dashe, ruwa da taki

Lokacin dashe shi ne ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ruwa na janyewa, don tsiro ya kafu ya yi ganye kafin sanyi ya sa shi huda. In ka makara zuwa Disamba, zai yi fure yana ƙarami, zafi ya riske shi bai ba da komai ba.

Dasa da yamma. Zurfin dashe shi ne inda na ga an fi yin ɓarna, har da ni. Tsakanin saiwa da ganye akwai ɗan guntun wuya, a samansa akwai idon da sabon ganye ke fitowa. Ƙasa ta tsaya daidai tsakiyar wuyan. Ka binne ido, ya ruɓe. Ka bar saiwa a waje, iskar hunturu ta busar da ita. Saiwar ta miƙe ƙasa sak, kada ta lanƙwashe ta kalli sama; in ta yi tsawo a rage ta da almakashi. A danne ƙasar da yatsu, a ba da ruwa nan take. Idan ’yan aiki ne ke dasawa, bi bayansu layi-layi a ranar farko, domin hannunsu ya saba da tumatir, wanda ke son a binne shi da zurfi.

Kwana goma zuwa sha huɗu na farko, ruwa safe da yamma, har da yayyafi a kan ganye idan rana ta yi zafi. Bayan ya kama, a daina jiƙa ganye. Yawancin saiwarsa a santimita 15 zuwa 20 na sama take, ba ya iya neman ruwa a zurfi, ba ya kuma jure kwanciyarsa. Kaɗan-kaɗan kullum, ko bayan kwana ɗaya, shi ne tsarinsa. Tiyo mai ɗigo da aka shimfiɗa ƙarƙashin leda ya fi komai: tanki a kan ɗan gini mai tsayin mita biyu, da matata a bakinsa don kada yashi ya toshe ramukan. In babu, a yi da bokitin ban ruwa a gindi, da safe. Gwajin danshi ba ya son na'ura: dunƙula ƙasar a tafin hannu, ta haɗu amma kada ruwa ya tsatso.

Ruwan kuma ya zama mai tsabta. Ɗanye ake cin abin nan, ba a ɓare shi, ba a dafa shi. Ruwan kwata ko na rafin da ke bi ta cikin gari bai dace ba ko kusa.

Furen da ya fito cikin mako biyu zuwa uku na farko a tsinke shi. Da ciwo, na sani, amma tsiron da bai kai ganye biyar ba idan ya ɗauki 'ya'ya, nan zai tsaya. Yaɗo ma duk wanda ya fito lokacin 'ya'ya a yanke, yana shan abincin da ya kamata ya tafi ga 'ya'yan.

Taki na zamani: NPK 15-15-15 kaɗan lokacin gyaran kunya, sannan ƙari kaɗan-kaɗan bayan kowane mako biyu zuwa uku, nesa da wuya da faɗin tafin hannu. Hannunmu ya saba da yuriya, to a nan a riƙe shi. Yuriya mai yawa tana ba ka ganye kore shar mai ban sha'awa da 'ya'ya masu laushi marasa ɗanɗano, ga kiran ƙwari. Da fure ya fara, sinadarin fotash yake nema, shi ke kawo zaƙi da tauri. In za ka saya, nemi mai salfet, ba mai kulorayid ba, saboda wannan rashin jurewar gishiri da na ambata.

Abokan gaba

Babban maƙiyinsa a hunturu wani ɗan mitsitsin gizo-gizo ne da ke zama a bayan ganye, yana son ƙura da bushewar iska, wato daidai yanayinmu. Kafin ka gan shi za ka ga ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya, sannan ya koma ruwan tagulla. Sau biyu a mako ka ɗauki farar takarda, ka kaɗa ganye a kanta. Idan ƙurar da ta zubo tana tafiya, shi ne. Shingen zana ko layin masara a gefen da iska ke bugowa yana rage ƙura. Man dogonyaro da ɗan sabulu, a fesa bayan ganye da yamma, yana riƙe shi in an fara da wuri. In ya fi ƙarfin haka, a nemi maganin da aka yi don shi, mai rajistar NAFDAC, domin yawancin maganin tsutsa ba ya kashe shi, sai ma ya kashe ƙwarin da ke cinye shi.

Duk maganin da za ka fesa, karanta kwanakin da aka rubuta a jira kafin tsinka, ka cika su. Wanda ke tsinka bayan kwana biyu ba shi da damar fesa maganin da ke bukatar mako biyu. Kuma ba a feshi da hantsi lokacin da ƙudan zuma ke kan fure. Su ne ke sa 'ya'ya su cika su yi siffa. Inda ba sa zuwa za ka ga 'ya'ya a murguɗe, masu ƙulu-ƙulu, waɗanda kanti ba ya karɓa.

Funfuna mai ruwan toka tana kama 'ya'yan da suka jiƙe ko suka ƙuje. Maganinta na farko tsabta: duk ruɓaɓɓe da tsohon ganye a kwashe a fitar daga gona, kada a jefar a hanya tsakanin kunyoyi. Tsuntsaye kuwa da sun ga ja sun zo. Na taɓa rufe kunyoyi da tsofaffin gidajen sauro ina murna na yi dabara, ashe na kulle ƙudan zuma a waje. Ragar kamun kifi mai ido ɗan madaidaici ita ce daidai: tsuntsu ba ya shiga, zuma tana wucewa.

Tsinka, da sa'o'in da ke biye da ita

Daga buɗewar fure zuwa nuna wajen wata ɗaya ne. Sitiroberi ba mangwaro ba ne, ba ayaba ba: da ka tsinke shi zaƙinsa ya tsaya inda yake. Zai iya ƙara ja a hanya, ba zai ƙara daɗi ba. Na cikin gari a bar shi ya yi ja duka. Na tafiya Gombe, Kano ko Abuja a tsinka idan kashi uku cikin huɗu ya yi ja.

Ana tsinka da sassafe, bayan kowane kwana biyu, kullum ma idan zafi ya fara. Ba a jan ɗan. A kama sandar da farce a datse, a bar masa koren hularsa da ɗan guntun sanda. Daga hannu sai cikin robar da za a sayar da shi, mai murfi da ramukan iska, ta giram 250 ko 500, kada a jera fiye da hawa biyu. Duk juyi daga mazubi zuwa mazubi rauni ne da ba ya nunawa sai gobe, a hannun mai saye. Manya daban, matsakaita daban, kuma na ƙasan roba ya zama irin na sama. Ba a wanke shi. Ruwa ya taɓa shi, funfuna ta samu ƙofa.

Robar da ta cika kada ta zauna a rana ko na minti goma. A firji mai digiri 0 zuwa 2 yana kai kwana biyar zuwa bakwai, kuma gwargwadon saurin shigarsa sanyi gwargwadon daɗewarsa. Abin so cikin sa'a ɗaya ko biyu. Yawancinmu ba mu da ɗakin sanyi, to ga abin da nake yi tun bayan wayar Hajiya. Babbar kula irin ta masu biki, gorunan ruwa da suka daskare a jere a ƙasa da gefe, a naɗe su da tsumma don kada ƙanƙara ta taɓa roba ta jiƙa 'ya'yan, robobi a jere ba gilo, a cusa takarda inda ya rage. Motar farko ta asuba, kular a kujera ba a but ba, ko da zan biya kuɗin mutum ɗaya. Daga Jos zuwa Bauchi wajen kilomita 130 ne, daga Bauchi zuwa Gombe wajen 150, duk kula mai kyau tana kai su da sanyinta. In ba da lambar direba ga mai saye, in kira in ji an karɓa.

Ƙanana da murgaɗaɗɗu ba asara ba ne. A cire hula, a wanke, a tsane, a daskarar a leda, masu yogot da lemo suna saya har bayan kaka ta wuce. Ko a dafa jam: kilo ɗaya na 'ya'ya, sukari kusan kilo ɗaya, ruwan lemon tsami, a dafa har ya kama bayan cokali.

Abin da za ka gaya wa mai saye game da lafiya

Za a tambaye ka, don haka ka san gaskiyar. Giram 100 na sitiroberi, wato manya biyar ko shida, yana da bitamin C kusan miligiram 59, ya ɗan ɗara lemon zaƙi mai wajen 53. Babban mutum yana bukatar 75 zuwa 90 a yini. Bitamin C na taimakon garkuwar jiki da warkewar rauni, yana kuma sa jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, abin da ke da amfani ga mata masu fama da ƙarancin jini. Kashi 91 cikin 100 ruwa ne, sukarinsa bai kai giram 5 ba, ƙarfin kuzarinsa kalori 32 kacal, ga harza mai taimakon hanji, ga bitamin folet da masu juna biyu ke bukata. Saboda ƙarancin sukarin, mai ciwon suga yakan iya cin ɗan daidai, muddin ba a tsoma shi cikin madara mai zaƙi ba.

Jan launin nan daga wani sinadari ne, antosayanin, irin wanda ke rina zoɓo da ɗinya da 'ya'yan faru. Wani babban bincike da aka buga a 2013, wanda ya bi mata sama da 93,000 a Amurka tsawon shekara 18, ya ga waɗanda ke cin sitiroberi da buluberi (wani ƙaramin ɗan itace mai launin shuɗi) sau uku ko fiye a mako sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon bugun zuciya da kusan kashi ɗaya cikin uku. Alaƙa aka gani, ba a ce magani ba ne. Ina roƙonka kada ka bi sahun masu lasifika a kasuwa ka ce yana warkar da hawan jini ko suga, wani ya ajiye maganin asibiti saboda kai. Kuma don kada mu raina namu: gwaiba ta ninka shi bitamin C fiye da sau uku. Wanda ba shi da kuɗin roba ɗaya bai rasa komai ba in yana da gwaiba a tsakar gida.

Wasu mutane, musamman yara, yana sa musu ƙaiƙayin baki ko ƙuraje. Wanda ya ga haka ya bari. Ka kuma gaya wa kowa ya wanke da ruwa mai tsabta daf da ci, ba tun da ya kawo gida ba.

Bayan kaka

Da zafin Maris da Afrilu ya sauka, 'ya'ya za su ƙanƙance su ƙare. Tun kafin nan ka sa alama da tsinke a kan tushen da suka fi haihuwa kuma ba su taɓa ciwo ba, su ne iyayen baɗi. Ka mayar da su wuri mai inuwar raga, kan kunya mai tsayi, ka ci gaba da ba su ruwa har damina. Dogon yini da ɗumi su ke sa su yaɗo. Cika ƙananan ledojin reno da ƙasa mai taki, ka ajiye ɗan a kai ka danne shi da lanƙwasasshen tsinke, ka bar shi manne da uwar mako huɗu zuwa shida, sannan ka yanke. Ɗa na farko da na biyu a kowane hannu su ne masu ƙarfi, na bayansu a zubar. Ruwan Agusta yana kawo ɗigon ganye da ruɓar wuya, don haka rumfar leda a sama, gefe a buɗe, tana ceton da yawa. Iri yana gajiya, cututtuka suna taruwa a jikinsa, bayan shekara biyu ko uku a sabunta daga wata gona mai lafiya. Na garin Bauchi da Gombe kuwa, raya iyaye cikin zafin Afrilu wahala ce da ba ta biya, gara su sayi sabon tsiro daga tudu kowace shekara.

Masu tambayar buluberi da rasberi: na farko yana son ƙasa mai tsami sosai, pH 4.5 zuwa 5.5, wadda sai an haɗa ta a tukunya, na biyu kuma sanyin da yake nema ya fi namu. Wanda ke ƙasa mai zafi yana son ɗan itace irin wannan ya gwada bishiyar malberi. Reshe ake yankawa mai kaurin yatsa, tsawon taƙi ɗaya, a soka a leda farkon damina. Yana jure zafin Gombe, yana 'ya'ya baƙaƙe masu zaƙi da rina hannu, awaki kuma suna son ganyensa, don haka sai da shinge. 'Ya'yansa sun fi sitiroberi ma saurin lalacewa, kasuwarsu a daskare take ko a jam, ba a roba ba.